Colorado da dokar harsashi 15: an kori sanatoci, doka tana nan

Kusan duk shekara idan majalisar jihar Colorado ta Amurka ta dawo zama a watan Janairu, sai an samu ɗan Republican da zai kawo ƙudurin soke dokokin bindiga na 2013, kuma duk shekara kwamiti ke binne shi. Na daɗe ina bin wannan rigimar tunda nake zaune a nan wajen Denver, abin ya zama kamar wasan sallah, kowa ya san yadda zai ƙare amma sai an yi.

Asalin maganar dai harin gidan sinima ne a Aurora a watan Yulin 2012, inda wani matashi ya kashe mutum 12, sannan a Disamba aka kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook can jihar Connecticut. 'Yan Democrat da ke riƙe da majalisa suka ce a'a, ba za a zauna haka ba. A Maris 2013 gwamna John Hickenlooper ya sa hannu: an hana sayar da magazin (gidan harsashin da ake maƙala wa bindiga) mai cin harsashi sama da 15, kuma ko tsakanin mutum da mutum za a yi cinikin bindiga, dole a binciki tarihin mai saye, shi ne ma zai biya kuɗin binciken.

Kai, ƙurar da ta tashi. Masu kishin bindiga ba su tsaya jiran zaɓe ba, kiranye suka haɗa, suka bi gida-gida suna tara sa hannu, a Satumba 2013 aka cire John Morse, shugaban majalisar dattawan jihar guda, da Sanata Angela Giron ta Pueblo, dukkansu 'yan Democrat da suka goyi bayan dokokin, kuma ba a taɓa yi wa ɗan majalisar jihar kiranye ya yi nasara ba sai ranar. Morse da ƙuri'a ɗari uku da 'yan kai ya faɗi. Kuɗi kuwa sun shigo ta ko'ina, ƙungiyar masu kishin bindiga ta NRA ta zuba nata, attajirin nan Michael Bloomberg ya ba ɗaya ɓangaren dala dubu 350, duk da haka sanatocin suka sha ƙasa. Mu da muka ga yadda kiranyen Dino Melaye ya watse a Kogi a 2018, wannan ya ba mu mamaki gaskiya. Ta uku, Evie Hudak, da ta ga an taso mata sai ta yi murabus da kanta, don jam'iyyarta ta naɗa wani a kujerar kada rinjayen 18 da 17 ya suɓuce. Dabara ce, kuma ta ci.

To amma korar sanata daban, soke doka daban. A zaɓen 2014 Democrat suka ƙwace kujerun nan biyu gaba ɗaya. Republican sun samu majalisar dattawa a wannan zaɓen, a 2015 ma har suka zartar da ƙudurin soke dokar magazin ɗin, yana isa majalisar wakilai aka miƙa shi ga kwamitin da 'yan siyasar nan ke yi wa laƙabi da kwamitin kisa, nan ya mutu. Kotu ma ba ta ba su ba. Shugabannin 'yan sandan gundumomi fiye da 50 sun shigar da ƙara a kotun tarayya ba su yi nasara ba, a 2020 kuma kotun ƙolin jihar ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulkin Colorado ba. Kamfanin Magpul mai ƙera magazin ya yi fushi ya tattara ya koma Wyoming da Texas, shi kenan.

Abin da ni nake gani shi ne, masu son a soke sun samu rabin abin da suke so ba tare da majalisa ba. Dokar ta bar wa mutum duk magazin ɗin da ya mallaka kafin 1 ga Yuli 2013, kuma babu wata shaida a jikinsa da za ta nuna ranar da aka saya, to ɗan sanda zai gane ta yaya? Cheyenne ta Wyoming tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga Denver, a can babu wannan takunkumin. Wasu shaguna a cikin jihar ma sun ci gaba da sayarwa a warware a matsayin kayan gyara, kai ne za ka haɗa a gida. Ga irin su John Cooke, shugaban 'yan sandan gundumar Weld a lokacin, da ya fito ƙarara ya ce shi ba zai tilasta dokar ba, daga baya ma aka zaɓe shi sanata. Shi ya sa idan maƙwabcina mafarauci yana kukan an danne musu haƙƙi nakan yi shiru kawai, don na san abin da ke cikin garejinsa.

Ɓangaren binciken mai saye kam ina goyon bayansa, ban ga laifin a duba mutum ba kafin a miƙa masa makami. Na magazin ɗin ne nake ganin an fi yin siyasa da shi fiye da aiki. Jihar kuma ƙara matsawa take yi, a 2019 aka yi dokar da ke ba alƙali damar karɓe bindigar wanda ake ganin yana da haɗari, bayan harin kantin King Soopers a Boulder a 2021 da na gidan rawa na Club Q a 2022 aka ƙara wasu. Yanzu masu adawa sun fi sa rai da kotunan tarayya, tun bayan hukuncin Bruen na 2022 da kotun ƙolin Amurka ta tsaurara ma'aunin da ake auna irin waɗannan dokokin, can suke kai ƙarfinsu da kuɗinsu.