Firiyam ɗin ɗora murya: abin da na gane bayan na sha wahalar "shhhh"

Satin da ya wuce wani ƙanena da muke aiki tare ya same ni a ɗakin da nake naɗar murya, ya zauna ya ce Yaya dan Allah wane firiyam zan saya, na tara ɗan kuɗi kuma ina so muryata ta dinga fita da nauyi kamar ta mutanen rediyo. Kafin in ba shi amsa sai da na tambaye shi wane makirfo yake amfani da shi, ya ce ai makirfon ba matsala bane, firiyam ɗin ne matsalar. To wallahi nan ne kusan kowa yake fara ɓata, ni ma nan na ɓata shekarun baya, shiyasa na ce bari dai in zauna in rubuta abin a tsanake ko zai amfani wani.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, firiyam ita ce na'urar da take karɓar ɗan siginar da makirfo yake fitarwa ta ɗaga shi ya kai matsayin da sauran kayan aiki zasu iya aiki da shi. Abin da makirfo yake fitarwa ƙarami ne sosai, a milibolt ake auna shi, shi kuma matakin da kayan sutudiyo suke so ya kai wajen bolt 1.23, wato abin da ake rubutawa +4 dBu. Duk sawun kad, wato akwatin da ke shigar da murya cikin kwamfuta, da kake jona makirfo a jikinsa ta XLR, wato wayar makirfo mai ƙafa uku, akwai firiyam a cikinsa, wannan maɓallin da kake murzawa ka ji murya ta ƙaru shi ne. Kenan yawancinmu muna da firiyam tuntuni, tambayar kawai ita ce ya isa ko bai isa ba.

Ni labarina ya fara ne lokacin da na sayi makirfon Shure SM7B. Na daɗe ina ganinsa a gaban masu shirye-shirye na Amurka, na yi ta tari har na samu, ranar da ya iso ban iya bacci ba. Na jona shi a wani ƙaramin sawun kad mai arha da nake da shi tun farko, na yi magana, shiru kamar ban yi ba, na murza maɓallin ya kai rabi har yanzu murya can ƙasa, na murza har ƙarshe sannan ta fito amma tare da ita wata ƙara ta taso shhhhh kamar ana yayyafi a kan kwano. Washegari akwai tallar da zan miƙa, na naɗa a haka na sa manhajar cire hayaniya, ta cire hayaniyar amma ta tafi da rabin muryar, ta koma kamar ina magana a cikin randa. Mai aikin ya dawo min da shi ya ce Malam wannan ba irin muryarka bace. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ɗauka makirfon jabu aka sayar min.

Ashe makirfon lafiyarsa ƙalau. SM7B dainamik ne, wato irin makirfon da baya buƙatar a ba shi wuta, kuma cikin dainamik ɗin ma yana daga cikin masu ƙarancin fitar da sigina, a takardarsa an rubuta milibolt 1.12, su kansu Shure suna ba da shawarar firiyam mai iya ɗagawa desibel 60, desibel (dB) kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Kwatanta da kwandensa, wato makirfon da sai an ba shi wuta yake aiki, irin Audio-Technica AT2020 da yake fitar da wajen milibolt 14, ya ninka shi fiye da sau goma. Shiyasa wanda yake da AT2020 ko Rode NT1 zai jona a sawun kad ɗin da ni ya ba ni wahala kuma ya ji komai tsaf, don shi ba sai ya murza maɓallin ya kai inda ƙarar take ba. Electro-Voice RE20 da gidajen rediyo suke so tun 1968 shi ma dainamik ne, shi ma yana son firiyam mai ƙarfi duk da bai kai SM7B yunwa ba.

To ka ga amsar "wane firiyam zan saya" tana jikin makirfonka. In kwandensa gare ka, abin da kake buƙata shi ne wutar fantom 48V mai kyau, wato wutar da sawun kad yake tura wa makirfo ta wayar XLR, da ɗagawa kamar desibel 35 zuwa 45, kusan duk wani sawun kad na kirki na zamanin nan zai yi maka wannan ba tare da wata ƙara ba, kar ka wahalar da aljihunka. In dainamik ne mai yunwa to sai ka duba lambobi biyu a takardar na'urar. Na farko iyakar ɗagawarta, na biyu kuma wanda mutane basa kula da shi, EIN, wato ƙarar da ita kanta na'urar take haifarwa. Ana rubuta shi da alamar ɗebewa, kuma duk yadda lambar ta ƙara nisa ƙasa ya fi kyau, -128 dBu ko -129 ko -130 duk suna da kyau sosai, in ka ga kamfani ya ƙi rubuta lambar kwata-kwata to ni dai ina ja da baya.

Abin daɗin shi ne ƙananan sawun kad sun gyaru ba kamar da ba. Focusrite Scarlett 2i2 zubi na uku desibel 56 yake bayarwa, zubi na huɗu da ya fito a 2023 ya kai 69, SSL 2 zubin farko yana da 62, MOTU M2 yana da 60, Audient iD14 zubi na biyu yana da 58. Wanda duk ka samu a cikin waɗannan in kana magana kusa da makirfo zai yi maka aikin ɗora murya, ni na naɗi aiki da biyu daga cikinsu kuma babu mai aikin da ya taɓa kira ya ce ya ji bambanci. Kuma maganar kusanci ba ƙarama bace fa, duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo zuwa rabi ka samu ƙarin kusan desibel 6 kyauta, ba ka biya ko sisi ba. Da yawa masu kukan SM7B baya ji zaka tarar suna zaune nesa da shi kamar suna jin tsoronsa, alhali shi makirfo ne da ake matsowa har leɓe ya kusa taɓa soson.

Ni a lokacin abin da ya cece ni shi ne 'yar ƙaramar na'urar nan da ake sakawa tsakanin makirfo da sawun kad. Akwai Cloudlifter CL-1 mai ƙara har desibel 25, akwai FetHead na Triton Audio mai ƙara 27, suna amfani da wutar fantom ɗin sawun kad ɗinka su ɗaga siginar tun kafin ya shiga, sai ka dawo da maɓallinka tsakiya inda babu ƙara. Abu biyu zan ja kunne a kai. Cloudlifter baya wuce da wutar fantom zuwa makirfo, don haka in ka jona masa kwandensa ba zaka ji komai ba, na ga wanda ya saya don NT1 ɗinsa ya yi asara. Sannan in firiyam ɗinka dama mai tsafta ne, ƙara wannan na'urar ba zai rage maka wata hayaniya ta a zo a gani ba, magani ne na firiyam mai rauni kawai. Shure ma da suka ga yadda mutane ke fama sai suka fito da SM7dB a 2023 mai nasa firiyam a ciki, ka zaɓi ƙarin 18 ko 28.

Sai maganar "nauyi" da "ɗumi" da ƙanena yake nema, nan ne kuɗi suke tafiya. Gaskiya ne akwai firiyam masu ba murya wani launi, Neve 1073 da Rupert Neve ya ƙera a 1970 shi ne uban tafiyar, taransifomomin cikinsa suna sa murya ta yi kauri ta cika, shiyasa har yau kamfanoni irin Warm Audio da Golden Age suke yin kwaikwayonsa da sauƙin farashi. Akwai masu tiyub irin Avalon VT-737sp, akwai kuma masu tsabta zalla irin Grace m101 da basa ƙara komai basa rage komai. Na taɓa shiga wani sutudiyo na yi magana ta irin 1073 ɗin kuma wallahi na ji daɗin muryata, ba zan ɓoye ba. Amma aikinmu ba waƙa bane. Mai talla ko mai shirin faɗakarwa ko mai littafin saurare so yake a miƙa masa murya fes, shi zai ɗora kiɗansa ya gyara yadda yake so, launin da ka riga ka toya a cikin naɗin ba ya cirewa, amma murya mai tsafta ko yaushe ana iya ƙara mata launi da fulogin, wato 'yar manhajar gyaran sauti, a kwamfuta. Kuma ka tuna a ina za a saurari aikin, yawanci a sifikar waya ne ko rediyon mota ko na mai shayi, bambancin firiyam na dala dubu biyu da na sawun kad mai kyau ba zai tsallake wannan sifikar ba, amma shhhh ɗin nan tana tsallakewa, amsa-kuwwar ɗaki ma tana tsallakewa.

Akwai wani abu da na lura da shi game da harshenmu wanda ban taɓa jin masu bayanin kayan nan sun taɓo ba tunda su da Turanci suke gwaji. Hausa tana da haruffa masu fita da ƙarfi farat ɗaya, ƙ da ts musamman, ka ce "tsattsauran ƙuduri" ko "ƙaƙƙarfa" a gaban makirfo ka kalli mitar ka ga yadda take tsalle. Sannan f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yinta, iska take bugawa kai tsaye kamar p. In ka cika ɗaga firiyam don murya ta yi ƙarfi, waɗannan haruffan su ne zasu fara fashewa, kuma abin da ya fashe a naɗi ya fashe kenan. Ni yanzu in zan saita, jimlar da ta cika da ts da ƙ nake karantawa da ƙarfin da zan yi aikin, in tabbatar ƙololuwar muryar a mita bata wuce -12 zuwa -10 dB ba, a 24-bit nake naɗa don haka akwai sarari isasshe, daga baya in ɗaga.

Wanda yake yin shiri kai tsaye ko yake da aiki da yawa baya son zaman editin, dbx 286s ya cancanci a duba shi. Firiyam ne da kwamfuresa mai daidaita hawa da saukar murya da mai rage kaifin s da kuma get mai rufe hayaniya in ka yi shiru, duk a akwati ɗaya, kuma masu ɗora murya da yawa sun daɗe suna amfani da shi. Sai dai a bi shi a hankali, in ka matsa get ɗin da yawa yana cinye ƙarshen kalmomi, dogayen wasulanmu na ƙarshen jimla sai ka ji an datse su. Kuma in ka sayi firiyam na waje ko wane iri ne, ta ramin layi (LINE) zaka shigar da shi sawun kad, kar ka mayar da shi ramin makirfo ka ɗaga sau biyu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damun mu a nan, wuta. Sau da yawa abin da mutum yake kira "firiyam ɗina yana ƙara" ba firiyam bane sam. Ka saurara da kyau, in shhhh ce siririya to wataƙila firiyam ne, in kuma gurnani ne mmmm mai kauri to wutar ce, tamu a Najeriya da Nijar hertz 50 take kaɗawa kuma ita ce kake ji tare da 'ya'yanta 100 da 150. Gidaje da yawa soket ɗinsu babu wayar ƙasa, ga janareta, ga inbata mai arha da wutarsa ba santsi, ga cajar laftof ta kasuwa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in zare cajar laftof in bar shi a batir, in gurnanin ya ɗauke to na san inda matsalar take. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake son sawun kad mai shan wuta ta USB, da laftof mai cikakken caji sai in yi awa biyu ina aiki ba ruwana da soket, shi kuwa babban firiyam na waje dole sai ka jona shi a bango, ka gayyato duk abin da ke cikin wutar. Waya ma a kula, XLR mai kyau gajeriya, kar ta kwanta a kan wayar wuta.

Ga yadda zaka gane ko kana buƙatar sabon firiyam kafin ka kashe ko naira. Saita komai yadda kake aiki, kashe fanka, karanta jimla biyu sannan ka yi shiru na daƙiƙa goma ba motsi, ka duba mitar a wurin shirun bayan ka ɗaga muryar ta kai matakin miƙawa. ACX masu karɓar littattafan saurare na Audible ƙa'idarsu ita ce shirun kar ya wuce -60 dB, murya ta zauna tsakanin -23 da -18, ƙololuwa kar ta haura -3, ni ma wannan ma'aunin nake bi ko da aikin na gida ne. In ka gaza kaiwa -60 sai ka saurari shirun da hedifon, me kake ji a ciki? In babur ne da kukan kaji da janaretan maƙwabta, ko firiyam na miliyan nawa ka saya ƙara fito maka da su zai yi.

Da muka yi wannan gwajin da ƙanena a ɗakinsa, AT2020 ne da shi da sawun kad mai kyau, shirun firiyam ɗinsa lafiya lau, abin da ke cikin naɗin amon bangon siminti ne da tayil. Kuɗin da ya tara muka je kasuwa muka sayo barguna masu kauri huɗu da kafet da katakon da kafinta ya haɗa mana firam, muka rataye su ta bayansa da gefensa, ragowar ya sayi matatar iska ta gaban makirfo da sabuwar wayar XLR. Jiya bayan sallar asuba kafin gari ya tashi ya naɗo min minti ɗaya ya turo, shirun ya sauka -64.