Wanda zai hau jirgin asuba

Shekaru da dama ke nan ina koyar da lissafi duk ranar Asabar a ɗakin ƙasa na wani masallaci a Bronx, ɗaya daga cikin gundumomin birnin New York. Yaran 'yan aji bakwai ne da aji takwas, galibinsu 'ya'yan mutanen zango daga Kumasi da Akra, sai 'yan Nijar, sai ɗaiɗaiku daga Kano da Sakkwato. Abin da ke tara mu jarrabawa ce guda ɗaya, SHSAT, wadda da ita ake shiga makarantun sakandare na musamman na birnin New York. Na gwamnati ne, ba a biyan ko sisi, amma ba kowa ke shiga ba. Irinsu ne a Amurka ake yi wa laƙabi da maganaɗisu, don ba ruwansu da unguwar da yaro yake kwana. Daga ko'ina cikin birni suke janyo masu hazaƙa.

Guda tara ne. Ɗaya, LaGuardia, ta masu kiɗa da rawa da zane da wasan kwaikwayo ce, ita gwajin fasaha take yi. Sauran takwas ɗin jarrabawar nan kaɗai suke dubawa. A 2017 aka mayar da tambayoyinta 114, rabi Turanci rabi lissafi, a cikin awa uku. Ba a duba makin aji, ba a neman wasiƙar malami. Wata dokar jiha ta 1971, Hecht-Calandra, ita ta ɗaure manyan ukun a kan wannan ƙa'ida, wato Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech, daga baya aka shigo da sauran. Yara sama da 20,000 ke zama kowace shekara, kuma waɗanda ke samun gurbi ba su wuce ɗaya cikin biyar ba.

Na daɗe ina ɗauka aikina ya tsaya a kan allo: kason lamba, kusurwa, saurin karanta tambaya. Maganar jera makarantu kuwa, abin minti biyar na ɗauke ta. Ga yadda abin yake: tun kafin yaro ya san makinsa ake sa shi ya jera makarantun nan bisa yadda yake son su. In an gama gyaran jarrabawa sai a fara daga mai maki mafi yawa, a ba shi ta farko a jerinsa, a gangaro ga na biye da shi, har gurabe su ƙare. Kowane yaro makaranta ɗaya tak ake ba shi a cikin takwas ɗin, wato mafi sama a jerinsa wadda ke da sauran wuri lokacin da layi ya zo kansa. In sakamako ya fito a watan Maris, babu cewa a canza mini da ta biyu. Abin da aka rubuta a kaka shi za a girba.

Iyaye kan zo bayan darasi su tsaya a bakin matakala, tambayarsu ɗaya ce: “Malam, wacce ce ta fi?” Ni kuma in jero musu sunaye yadda kowa ke jerawa, daga mai tsadar maki zuwa mai sauƙi. Ban taɓa ganin aibun hakan ba. Mu da muka taso a gida, haka muka san abin. A Kano in yaro ya ci jarrabawar makarantun kimiyya na Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, sai a ɗaure masa akwati da garin kwaki a kai shi. Mutanen Gana ma sun saba jera makarantu a shekarar BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kowa idonsa a kan irin su Prempeh da Achimota. Amma waɗannan makarantun kwana ne. Nisansu sau ɗaya ake jin sa a farkon zango. Na New York kuwa jeka-ka-dawo ne, nisan kullum ake biyan sa, safe da yamma, har shekara huɗu. Wannan bambanci yana gabana ban gan shi ba sai da wata yarinya ta nuna mini.

Tana cikin mafi ƙwazon da na taɓa koyarwa. Mahaifinta direban tasi ne mai aikin dare, mahaifiyarta tana kula da tsofaffi a gidajensu. Ranar da za a jera makarantu shi ya zo da kansa, ita tana tsaye a bayansa rungume da jaka. Ya ce, “Malam, kai ka san su. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.” Na jera masa, ya gode, suka tafi. A watan Maris ta samu ɗaya daga cikin manyan, can ƙetaren birni. An yi murna sosai, har da rabon goro da alewa bayan sallar Juma'a, ni ma aka yi ta sa mini albarka.

A watan Disambar shekararta ta farko ta zo ranar Asabar don ta taya ni duba aikin ƙanana. Ina cikin bayani a allo na waiwaya, sai na gan ta a kusurwa ta jingina da bango, littafin ilimin halittu buɗe a cinyarta, biro na hannunta, barci ya sace ta. Ban tashe ta ba. Da aka tashi na tambaye ta yadda ranarta take. Kafin gari ya waye take fita, ta hau jirgin ƙasa biyu, sama da awa guda kafin ta isa. A wannan wata rana na faɗuwa a New York wajen ƙarfe huɗu da rabi, saboda haka cikin duhu take fita, cikin duhu take dawowa. La'asar da Magariba duk a hanya suke riskar ta. Ƙaninta da a da take ɗaukowa daga makaranta, yanzu maƙwabciya ke riƙe shi. Aikin gida ba ta fara shi sai bayan Isha'i.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da na tambaye ta ƙungiyar da ta shiga. Ta ce babu. Baba ya ce ana tashi ta kamo hanya, kuma ba ta ga laifinsa ba, ita ma ba ta son shiga jirgi da dare ita kaɗai. To rabin amfanin waɗannan makarantu bayan ƙararrawar tashi yake. A lokacin ne ake zaman muhawara, ake haɗa mutum-mutumi, ake tsayawa wajen malami ya sake bayanin abin da ya shige duhu, ake ƙulla abotar da za ta kai mutum jami'a har wurin aiki. Ita ta samu sunan makarantar da darussan aji, sauran duk hanya ta cinye. Makarantar ba ta da laifi ko kaɗan. Yaron da gidansu ke kusa da ita yana kwasar komai.

Sai ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa: “Malam, ni tarihi nake so. Da an tambaye ni, ta Lehman zan sa a farko.” Tana nufin ƙaramar makarantar nazarin tarihin Amurka da ke harabar Kwalejin Lehman, a nan Bronx, mai ɗalibai wajen 400, tasha kaɗan daga gidansu a jirgi mai lamba 4. Tana cikin takwas ɗin, kuma makin yarinyar ya isa ya kai ta. Tana tsaye a bayan mahaifinta ranar nan, ni da shi muna yanke yadda shekarunta huɗu za su kasance, ban ko ɗaga kai na ce “ke fa?” ba. Ta gama makarantarta lafiya, ta shiga jami'a, don yarinya ce mai juriya. Amma na san abin da shawarata ta rage mata.

Daga nan na soma zuwa ranakun da makarantun ke buɗe ƙofa ga iyaye, don gani ya kori ji. Sai na tarar abin da nake jerawa kamar matakala, sama da ƙasa, ashe gidaje ne mabambanta. Brooklyn Tech gari ce guda: ɗalibai kusan 6,000, kuma a ƙarshen aji goma yaro kan zaɓi fannin da zai zurfafa a kai, kamar zanen gine-gine ko injiniyan jiragen sama. Yaron da ke son taɓa abu da hannunsa, kuma cunkoso bai dame shi ba, nan ne wurinsa. Mai kunya wanda sai an kira sunansa yake magana, yana iya shekara ba a san da shi ba a irin wannan taro. Ta lissafi da kimiyya da injiniya da ke harabar City College a Harlem ƙarama ce, ɗalibanta wajen 500, ana koyar da Jamusanci, malamai sun san fuskar kowa. Stuyvesant bene goma ce a bakin kogin Hudson, ɗalibai sama da 3,000, kuma makin shigarta ne ya saba fin na kowa. Bronx Science, da aka kafa a 1938, tsofaffin ɗalibanta tara ne suka ci kyautar Nobel. Biyu daga ciki, Sheldon Glashow da Steven Weinberg, 'yan aji ɗaya ne, kuma tare suka karɓi ta kimiyyar fiziks a 1979 da Abdus Salam na Pakistan. Wannan makaranta tana nan a unguwarmu, amma na sha ganin iyaye sun tsallake ta sun sa wata mai nisa a sama don kawai an ce makinta ya ɗara da 'yan lambobi.

Akwai wani bincike da ya ƙara kwantar mini da hankali. Masana tattalin arziki uku, Atila Abdulkadiroğlu da Joshua Angrist da Parag Pathak, sun buga shi a 2014. Sun ɗauki yaran New York da Boston waɗanda suka haye makin shiga da ƙyar, suka kwatanta su da waɗanda suka faɗi da ƙyar, wato yara masu ƙwazo kusan ɗaya da maki kaɗan ya raba. Da suka bi sakamakon jarrabawowinsu na gaba, ba su ga bambancin a zo a gani ba. Ba komai da komai binciken ya auna ba. Bai auna abota ko buɗewar ido ba, kuma a kan yaran bakin iyaka kaɗai yake magana. Duk da haka ya nuna cewa mafi yawan hasken da ake gani a makarantun nan, yaran ne suka shigo da abinsu. In har tsakanin shiga da rashin shiga bambancin bai kai yadda muke zato ba, ina ga tsakanin ta farko da ta uku?

Ba na raina abin da ke cikin zuciyar iyayenmu. A 2019, cikin gurabe 895 da Stuyvesant ta bayar, bakwai ne kacal suka je ga yara baƙar fata. Uban da ya ji wannan lamba, ya kwana yana tuƙi, in ya ce yana son 'yarsa ta zama cikin waɗanda suka buɗe ƙofar, ba zan ce masa ya yi kuskure ba. Ni ma ina so in ga 'ya'yanmu da yawa a can, kuma duk shekara ina tura waɗanda suka cancanta su nemi shirin Discovery, wanda ke ba yaran marasa ƙarfi da suka kusa kai maki damar shiga bayan karatun bazara. Abin da na daina shi ne ɗora wa yarinya 'yar shekara 13 nauyin al'umma gaba ɗaya ba tare da an tambaye ta ko za ta iya ɗauka ba. Akwai yaran da nisan bai dame su ba, suna karatu a jirgi, gidansu an yarda su kai dare. Waɗannan da kaina nake cewa su sa mai nisan a farko.

Wani kuskuren da nake gyarawa kowace kaka shi ne na masu dabara. Sai uwa ta ce, “Malam, kada mu sa babbar a farko, in bai samu ba ya rasa duka.” Tsarin ba haka yake aiki ba. Sa makaranta mai wuya a sama ba ya rage wa yaro damarsa a ta ƙasa, domin maki ne ke tsara layi. Saboda haka babu wata dabara illa a rubuta gaskiyar abin da ake so, kuma kada a rubuta makarantar da aka san ba za a iya zuwa ba. Sannan a cike ɗaya takardar ta sauran makarantun birni da muhimmanci, don ita daban take tafiya, kuma a cikinsu akwai masu kyau ƙwarai. Yaro na iya samun gurbi a nan da can ya zaɓa.

Yanzu in uba ya tsaya a bakin matakala ya ce wacce ta fi, sai in ce, “Alhaji, a kira mini ita tukuna.” Mu zauna mu uku a kan darduma. In tambaye ta darasin da take yi ba ta duba agogo, in tambayi wa ke ɗauko ƙanne, ƙarfe nawa aka yarda ta shigo gida, ina za ta yi Azahar. Sai in ba su aiki guda: su zaɓi ranar aiki, ba Lahadi ba, su fita a daidai lokacin da za ta riƙa fita, su hau jirgin har ƙofar makarantar, su dawo.

A kakar bara wani uba ya yi hakan da 'yarsa, yana saukowa daga aikin dare ko gida bai shiga ba. Asabar ta gaba suka zo tare. Ya ciro takardar jerin daga aljihun rigar sanyinsa, ya miƙa mata biro, ya ce, “Malam, ni a tsaye na yi tafiyar nan tun daga farko har ƙarshe, ban samu kujera ba. Ta rubuta da hannunta.” Ta karɓa, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta bar mai nisan a ta farko, ta matso da ta kusa da gida zuwa ta biyu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce to, sai a fara neman wanda zai riƙa ɗauko ƙaninta.