Abin da teburin kawu ya koya mini a Kaduna

A Damagaram na tashi, inda 'ya'yan itacen da yaro ya sani galibi busassu ne: magarya, aduwa, goruba, kanya, ɗan kuka da tsamiya. Mangwaro kan zo da bazara, ya yi kwana biyu ya wuce. Abarba kuwa ta masu hali ce, don kafin ta iso daga kudu kuɗin mota ya hau kanta. Da kasuwa ta ƙi mini a gida, sai na bi ta Matamaye, na tsallaka iyaka a Kwangwalam, na ratsa Daura da Kano har Kaduna, wurin kawuna da ya daɗe yana sayar da kayan marmari a Tudun Wada.

Harshe bai zame mini matsala ba, ko da yake da na buɗe baki an san ɗan Nijar ne. Lissafin naira ma ban daɗe ba na kama shi. Damina ce ta gwada ni. A gida ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, nan kuwa yana haura 1,000, kuma yakan kai watan Oktoba ana yi. Inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Zazzaɓi ya kayar da ni a daminar farko, maƙwabta suka taru da shawara, wannan ya ce a dafa ganyen gwanda, wancan ya ce a haɗa da na mangwaro da darbejiya a yi sirace. Kawu ya yi musu godiya, sannan ya ce mini, “Tashi, ɗana, a fara duba jininka.” Aka gwada, aka ga cizon sauro ne, aka ba ni magani. Lemu da gwanda da ya riƙa yanka mini su suka dawo mini da ɗanɗanon baki har na iya cin tuwo.

Da na miƙe na shiga sana'ar sosai. Bayan sallar asuba mukan tafi sari inda manyan motoci ke sauke kaya. Lemu daga Binuwai yake zuwa, ya fi yawa da hunturu. Ayaba da abarba daga kudu. Agwaluma da yazawa da rani, sai mangwaro ya rufe kasuwa lokacin zafi. Atili kuwa a nan na fara ganinsa: baƙi ne, mai tauri, sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, ka ci ka ji maiƙo a baki. Kawu ya koya mini shinshina gindin abarba, in ƙamshi ya fito ta nuna, da ƙwanƙwasa kankana a saurari amonta.

Amfaninsu a jiki kuwa wata ma'aikaciyar jinya ce ta buɗe mini ido, wata Hajiya da ke tsayawa sayayya in ta taso aiki. Ita ta fara gaya mini cewa gwaibar da muke tarawa a gefen tebur, ba a ko tayawa, ta ninka lemu wajen bitamin C: a giram 100 tana da sama da miligiram 200, lemu kuwa wajen 50. Ta ce ɗan kukarmu ma na cikin masu yawan wannan bitamin, abin da ya sa na ƙara ganin girman kunun da mahaifiyata ke dama mana. Mangwaro da nunanniyar gwanda suna da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi.

Lokacin da iyalina ta biyo ni, ta samu juna biyu, aka ce jininta ya yi ƙasa. Hajiya ta ce, “Malam, ta sha ƙwayoyin da aka ba ta a awo, kada ta fasa. In ta ci wake ko zogale, ta bi da lemu ko gwaiba, suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe. Shayi kuma ta ɗan jinkirta shi bayan abinci.” Ta ja kunnenmu a kan ɗanyar gwanda: farin ƙaron da ke cikinta, wanda mata ke amfani da shi nama ya yi laushi, ba a son mai ciki ta ci. Nunanniya ba laifi.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu zuwa teburina neman waraka. Wani dattijo mai ciwon suga ya taɓa zuwa ya ce an gaya masa ya ajiye maganinsa ya riƙa shan ruwan abarba safe da yamma. Na ce, “Baba, don Allah kar ka ajiye. Ka koma wurin likitanka.” Ruwan da aka matse sukari ne ke shiga jini da sauri, gara ma a ci ɗan itacen kansa ba a matse ba, kaɗan kaɗan. Haka mai ciwon ƙoda, ayaba na iya cutar da shi saboda yawan fotasiyam. Ban musa cewa akwai magani a tsiro ba. Kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka aka samo shi, maganin zazzaɓin da ake sha yau kuma daga tazargade, aikin da ya sa aka ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace, aka auna, aka gwada a kan marasa lafiya. Ni mai tebur ba ni da wannan ma'aunin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya ci giram 400 na 'ya'yan itace da ganye a kullum. Ga lebura ko ɗan acaɓa wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa nake yanka kankana da gwanda ƙanana, in rufe da leda saboda ƙuda, kowa ya sayi daidai aljihunsa.

Sai kuma maganar kabaid, sinadarin da masu walda ke aiki da shi, wanda wasu ke sa wa ayaba da mangwaro su nuna dare ɗaya. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Nijeriya, ta sha gargaɗi a kansa. Za ka ga baya ya yi ruwan ɗorawa fes, ka yanka ka tarar ciki da tauri da tsami. Mu a buhu muke rufe namu tare da 'yan nunannun ayaba, su nuna a hankali. Da azumi, lokacin da kowa ke rububin kayan buɗe baki, wannan jiran yana sa mu rasa ciniki, wani lokaci kaya su ƙare kafin la'asar. Duk da haka ni da kawu mun yarda mu ci gaba a haka, don a cikin buhun nan 'ya'yana ma suke ɗauka.