Gilashin ƙofar obin: kauri ba ya hana zafi fita

Mu da muka yi injiniyan kanikanci a ABU Samaru kowa ya san fomular Fourier, Bafaranshen nan da ya fitar da ita a 1822. Zafin da ke ratsa abu shi ne k, wato lambar da ke nuna sauƙin da zafi ke bi ta cikin abin, sau faɗin wurin sau bambancin zafi, a raba da kauri. Haddace ta ba wuya, wahalar tana wajen sanin wane bambancin zafi za ka saka, kuma ni ban ga muhimmancin hakan ba sai da na fara taya wani mai walda a Sabon Gari lissafin obin ɗin da yake ƙera wa mata masu kek da mitfai.

Mu ɗauki taga santimita 30 da 20, wato murabba'in mita 0.06, kaurin gilas milimita 5, k na gilas kusan 1 ne. Cikin obin digiri 200, waje 30. Yawancin ɗalibai 170 kawai suke zubawa a fomula sai ta ba su wat 2040. Haba jama'a, ƴar tagar nan ta zubar da kilowat biyu? ai da kek ba zai taɓa nuna ba.

Wannan 170 ɗin bambancin iskar ciki ne da iskar waje, fuskokin gilas biyun kuwa kusan zafinsu ɗaya. Zafi sai ya sauka daga iskar obin zuwa gilas tukuna, ya ratsa, sannan iskar waje ta kwashe, wannan aikin na iska shi ne konbekshan, kuma kowane mataki da tasa turjiyar kamar resisto uku a jere. In ka ɗauki h, wato lambar saurin musayar zafi tsakanin iska da gilas, na ciki 25 na waje 10, turjiyar iska kuwa 1 ce a raba da h, ta gilas kauri a raba da k, to turjiyar ciki 0.04, ta gilas 0.005, ta waje 0.1, duka 0.145. Raba 170 da wannan ka ninka da 0.06, wat 70 ne kacal. Gilas ɗin da ake ta magana a kansa digiri 6 kawai yake riƙewa, fuskarsa ta waje kuma tana wajen 147, yaro ya ɗora hannu ya ƙone nan take.

Ogan nawa ya dage sai an sa mai milimita 10 wai don ya riƙe zafi, na ce Oga ka yi haƙuri kuɗinka kawai za ka ƙarar, 70 ce za ta koma 68. Ya ce to Injiniya mene ne mafita? Gilas biyu da tazara a tsakani, saboda k na iska wajen 0.026 ne, ya yi ƙasa da na gilas kusan sau 40. Amma fa kar a ɗauka shi kenan, hucin wuta wato radiyeshan yana tsallake tazarar abinsa, shi kuma da ma'aunin zafi na Kelbin ake lissafa shi a ninka sau huɗu a kansa, a ƙara 273 sai 200 ta zama 473, wanda ya bar ta a Salsiyos ya yi asarar takarda. Da na haɗa duka zafin da ke fita ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai, shi ya sa obin na kamfani za ka ga gilas uku har huɗu, wani da shafe mai mayar da huci ciki, ga kafar da iska ke bi ta sanyaya na wajen.

Gilashin luba na tagar gida kuwa a bar shi a gida, tsakiya ta yi zafi gefe yana sanyi a cikin firam ɗin ƙarfe sai ka ji ƙas, balle da hunturun Zariya da asuba. Tamfad ake sawa, wato gilas ɗin da aka gasa ya yi ƙwari, kuma a bar masa ɗan wurin motsi kar a matse shi da ƙarfe, a yanka shi daidai tun kafin a gasa shi don tamfad ba ya yankuwa daga baya.