Rayuwata da Tsuntsaye, Kashi na 7: Ƙaiƙayi da Ƙurar Gashi

A makon jiya mun tsaya ne a inda tsuntsayena suka ƙaru har keji ɗaya ya yi musu kaɗan, na ware kanari daban, na bar ƙananan akun nan 'yan asalin Ostareliya da masu kiwo ke kira baji a babban keji, sannan wani abokina da tafiya ta kama shi ya bar mini amanar kokatil ɗinsa, wani ƙaramin aku mai tukku. Wannan makon zan ba da labarin dattin da ya biyo bayan wannan ƙaruwa, wanda ya kusa sa mutanen gidana su juya wa kiwon baya gaba ɗaya.

Matata ce ta fara magana, kuma da gaskiyarta. Ta ce mini, "Maigida, ni ban ƙi tsuntsayenka ba, amma sharar da na yi da safe, kafin rana ta take sai ka rantse ba a taɓa ɗaukar tsintsiya a ɗakin nan ba." Ɓawon gero yana shiga ƙarƙashin kujera, yana maƙalewa a tafin ƙafa, yana bin mutum har kan gado, ga kuma ƙananan gashi da ke taruwa a kowane lungu. Na yi mata alkawarin gyara, amma kafin in sayi wani abu sai na ɗauki kujera na zauna gaban kejin a lokacin da suke cin abinci, domin in ga ta inda ɓarnar take fitowa.

Baji ba ya haɗiye ƙwaya da ɓawonta. Yakan ɗauki ƙwayar gero guda, ya tokare ta a saman bakinsa da harshe, ya juya ta, ya fasa ta da ƙasan bakin, ya haɗiye cikin, ɓawon kuma ya faɗo, duk a cikin ƙiftawar ido. Haka kanari yake yi, haka kokatil. Tattabara da kurciya ne ke haɗiye ƙwaya ɗungurungum, shi ya sa mai kiwonsu bai san wannan matsala ba. Ɓawon da ya faɗo ba shi da nauyi ko kaɗan, saboda haka da zarar tsuntsu ɗaya ya buɗe fuka-fukinsa ya tashi daga wannan sanda zuwa waccan, iskar da ya kaɗa takan kwashe ƙaiƙayin ta watso shi waje ta tsakanin wayoyin keji. Na kuma lura da wani abu na biyu, wato idan aka cika kwano da gaurayen ƙwayoyi, tsuntsun yakan sa baki ya yi ta tono yana watsar da waɗanda ba ya so har sai ya kai ga wadda ransa yake so. Da na tattara sharar ranar na duba, sai na tarar da ƙwaya lafiyayya mai yawa a ciki, wadda ba a ko taɓa ta ba.

Daga nan na fahimci cewa babu horon da zai hana tsuntsu wannan hali, tunda halittarsa ce, sai dai a sauya tsarin kejin. Na fara da kwano. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ce mini, "Ɗana, cika kwano ba ƙauna ba ce, ɓarna kake koya masa." Baji guda ba ya buƙatar fiye da kimanin ƙaramin cokalin shayi 2 na ƙwaya a rana, don haka na koma zuba abin da za su cinye a yini, a cikin kwano mai zurfi wanda ƙwayar ba ta kai rabinsa ba. Na sauko da kwanon daga jikin waya zuwa ƙasa-ƙasa, wajen tsakiyar keji, ta yadda abin da ya fantsama zai faɗa cikin tire, tare da kula kada ya kasance a ƙarƙashin sandar zama inda kashi zai riƙa faɗawa ciki. Dattijon ya kuma gargaɗe ni da abin da ya fi datti muhimmanci, cewa ɓawo yakan taru a saman kwano har mai kiwo ya zaci abinci na nan cike, alhali ƙaiƙayi ne zalla, kuma ƙaramin tsuntsu ba ya jure yunwa na dogon lokaci. Tun daga ranar nake fita da kwanon waje kowace safiya, in hure ɓawon, in ga abin da ya rage da idona.

Akwai kwanuka masu rumfa da ake sayarwa, waɗanda tsuntsu ke sa kansa ciki ya ci, ɓawon ya tsaya a ciki. Suna da amfani, sai dai wasu tsuntsayen suna tsoron sabon abu, dole a bar musu tsohon kwanon har sai an ga da ido suna ci daga sabon. Akwai kuma dunƙulallen abinci na kamfani wanda ba shi da ɓawo sam, kuma likitocin dabbobi da yawa suna son a haɗa shi cikin abincin aku, amma tsuntsun da ya saba da ƙwaya ba ya karɓarsa sai a hankali.

Bayan kwano sai jikin kejin. Na zagaye ƙasansa da raga mai laushi wadda aka sa wa roba sama da ƙasa, ta rufe kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. Ragar ta rage watsuwar ƙwarai, amma ina da ƙorafi a kanta, domin ƙaiƙayin da ta tare yana taruwa ne a cikin naɗinta, idan ba a cire ta an kakkaɓe an wanke ba sai ta zama matattarar datti da kanta, sannan baji yakan ja zarenta da baki, zaren da ya warware kuma yana iya naɗe masa farce. A ganina faifan roba mai garai-garai da ake ɗaurawa a gefe uku ya fi ta, tunda ana goge shi da tsumma kuma ba ya tare haske. Kowanne mutum ya zaɓa, kada ya rufe kejin gaba ɗaya, saboda tsuntsu yana buƙatar iska mai zagayawa. A ƙasa kuwa na janye kafet ɗin da ke wajen, na shimfiɗa roba mai santsi wadda ta zarce kejin da kusan rabin mita ta kowane gefe, na kuma kawar da kejin daga saitin fanka, wadda ita ce ke kai ɓawon har ɗaya kusurwar ɗakin.

A cikin tire, jarida nake shimfiɗawa, falle da yawa a kan juna, kowace safiya in naɗe na sama in yar. Wasu suna zuba ɓuntun katako ko niƙaƙƙen totuwar masara saboda suna ɓoye datti, ni kuwa wannan ɓoyewar ce ba na so. Su kansu suna tashi idan tsuntsu ya kaɗa fiffike, idan suka jiƙe funfuna tana tsirowa a cikinsu, kuma funfunar da ake kira Aspergillus tana kama huhun tsuntsu. A kan takarda kuwa mutum yana ganin kashin kowace rana, launinsa da kaurinsa, wanda sau da yawa shi ne alamar farko cewa tsuntsu ba shi da lafiya.

Da waɗannan gyare-gyare ɓawon ya ragu har matata ta daina magana, ni ma na ɗauka an gama. Sai lokacin sake gashin kanari ya zo, abin da yake yi sau ɗaya a shekara na tsawon makonni, ya daina waƙa, ƙananan gashinsa suka riƙa yawo a iska. Wannan mai wucewa ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da ƙaramar 'yata ta ja yatsa a kan teburin da ke kusa da kejin kokatil, ta nuna mini ta ce, "Baba, dubi, kamar an barbaɗa hoda." Farin gari ne mai laushi, ya kwanta a kan tebur da gilashin taga da bayan talabijin, alhali an goge wurin jiya-jiya. Kokatil, da dangin kokatu, wato manyan aku masu tukku, da aku mai launin toka na Afirka, suna da wani irin gashi a ƙarƙashin na sama wanda ba ya zuba, yana ta tsiro ne bakinsa yana marmashewa ya zama gari, tsuntsun kuma ya shafe jikinsa da shi lokacin da yake gyaran gashi. Duk girgizar da ya yi sai garin ya tashi.

Wannan ƙura ta fi ƙaiƙayi haɗari nesa ba kusa ba, ko da yake ba ta ɓata wa kowa rai kamarsa. Wanda ya daɗe yana shaƙar ƙurar gashi da busasshen kashin tsuntsu yana iya kamuwa da kumburin huhu da likitoci ke danganta shi da masu kiwon tsuntsaye, mai zuwa da busasshen tari da ƙarancin numfashi. Akwai kuma zazzaɓin aku, wanda ƙwayar cutar Chlamydia psittaci ke haddasawa, kuma ta hanyar shaƙar irin wannan ƙura ake ɗaukarsa. A shekarun 1929 da 1930 ya bazu a Turai da Amurka ta hanyar akun da aka shigo da su daga Kudancin Amurka, ya kama ɗaruruwan mutane, fiye da 100 suka rasu. Shi ya sa masana lafiya ke cewa kada a yi busasshiyar shara a wajen keji, domin tsintsiya tana ɗaga ƙurar ne zuwa hanci. Na ajiye tsintsiyar, na koma fesa ruwa kaɗan a kan jarida kafin in naɗe ta, in goge robar ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, in sa takunkumi ranar babban wanki. Na fitar da kejin kokatil daga kusa da ɗakin kwana, na ajiye na'urar tace iska mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙura mai laushi, a gefensa, na kuma riƙa ba shi ruwan wanka a faffaɗan kwano, domin wanka yana kwantar da garin tun a jikinsa.

Wajen wanki ba na wuce ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, in ɗauraye sosai, in bari ya bushe kafin tsuntsu ya koma. Numfashin tsuntsu ya bambanta da namu, yana da jakunkunan iska bayan huhu, kuma tururin bilic ko maganin ƙwari na fesawa ko turaren ɗaki yana iya yi masa illa cikin ɗan lokaci. Wannan ne ma ya sa ƙwayar da ta zube ba abin wasa ba ce, tunda ita ke kiran ɓera da kyankyaso da kiyashi, kuma idan suka zo ba ka da damar fesa musu magani a ɗakin. Abincin kansa nakan sa shi a firiza na 'yan kwanaki idan na sayo, don kashe ƙwan asu da ke zuwa a cikinsa, sannan in juye shi a mazubi mai murfi da ke rufuwa gam.

Yanzu aikin safiya ba ya cin fiye da 'yan mintoci, kuma mun raba shi: ni ke naɗe jarida da goge-goge, 'yata tana sauya ruwan sha ta wanke hannu, babban wankin tire da sanduna kuma sai ƙarshen mako. Har yau akan tsinci ɓawo guda-guda a ƙarƙashin kujera, kuma a lokacin sake gashi sai an ninka aikin. A mako mai zuwa zan kawo labarin dawowar abokina daga tafiya, da yadda muka ƙare da shi a kan maganar mayar masa da kokatil ɗinsa.