Laraba, ranar duba ƙafafun masu ciwon suga

Hunturu ya kankama, masu ƙuna sun fara zuwa. Na farko yau wani dattijo ne da ya kwana da kaskon gawayi a gefen ƙafarsa. Da asuba ya ga bororo a babban yatsa, amma ko zafi bai ji ba.

"Baba, in kun yi tafiya ƙafar tana ciwo?"

"Sharaɓa ce ke ɗaurewa kafin in kai masallaci, ɗana. In na ɗan tsaya sai ta saki."

Amsar nan ta fi ƙunar ɗaga hankali, don alama ce jijiyoyin jini sun tsuke, nama ba ya samun isasshen jini in ana tafiya. Ƙafar sanyi ƙalau, fatar na sheƙi, gashin ƙwauri ya kaɗe. An laluba bugun jijiya a bayan ƙafa da kuma bayan idon sawu ta ciki, shiru. Da aka ɗaga ƙafar ta koɗe, da aka sauke ta yi jawur.

Awon hawan jini a hannu 130, a idon sawu 78. In an raba na idon sawu da na hannu, 0.6 ke nan, kuma duk abin da ya gaza 0.9 toshewa ce. Sai dai awon kan yaudari mutum a ciwon suga: jijiyar da ta ƙandare ba ta matsuwa, sai ta nuna sama da 1.4 alhali jinin bai isa ba. Silin roba da ake danna wa fata da ƙarfin giram 10 don a gwada ko tana ji ma bai ji shi a tafin ƙafa ba.

Ciwo a irin wannan ƙafa ba a gaggauta kankare shi, don naman da babu jini ba ya haɗewa. An wanke, an rufe da busasshen bandeji, an tura shi wurin likitan jijiyoyin jini. Taba kam sai ya bar ta.

Ɗansa aka yi wa sauran bayani: a gwada zafin ruwan alwala da gwiwar hannu, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe a faso amma ban da tsakanin yatsun, a zazzage takalmi kafin a sa. Mai yankan farce na bakin titi da rezarsa, a yi sallama da shi.

Ta ƙarshe wata hajiya ce da lalle har idon sawu, ga kyau, amma ya rufe launin yatsun. Sai da tafin hannu aka gane biyu sun fi sauran sanyi.