Saƙon godiya bayan sallamo uwargida daga asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo uwargida bayan rashin lafiyar da wani magani da ta sha ya jawo mata, tana gida a nan Argungu, ta fara cin abinci. Ni da yara muna gode wa duk wanda ya zo dubiya, ko ya buga waya, ko ya sa mu a addu'a.

Godiya ta musamman ga maƙwabcinmu mai kabu-kabu da ya nemo mana mota cikin dare, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Sai nas ɗin da ke aikin dare: tana ganin leɓɓa sun kumbura, borin jini ya rufe wuya da hannuwa, numfashi yana fita da ƙyar, ba ta tsaya neman kati ba, ta soka mata allurar adrenalin a cinya, aka ɗaura ƙarin ruwa. Allah ya saka mata da Aljanna.

Da yawa kun tambaya ko maganin jabu ne, wasu ma har sun ambaci jifa. Ko ɗaya babu. Kafson Ampiclox ne, dangin penisilin, kuma ta taɓa shan sa a baya lafiya lau. Likita ya ce nan ma gizo ke saƙar. A wancan shan ne garkuwar jikinta ta ɗauki maganin a matsayin maƙiyi, ta ƙera masa wasu 'yan tsaro da ake kira IgE, suka maƙale a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke fata da hanyar numfashi suna dako. Da maganin ya dawo, sai ƙwayoyin suka amayar da sinadarin histamin gaba ɗaya. Shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, ya buɗe jijiyoyin jini har jini ya yi ƙasa, hanyar iska kuma ta tsuke. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro, shi ya sa sai da allurar adrenalin. An riƙe ta a gado bayan ta farfaɗo ne saboda abin yakan iya juyowa bayan wasu awanni.

Roƙona ga 'yan uwa, musamman gwaggonninmu masu kyautar ragowar magani: don Allah kada a ba ta Ampiclox, ko Amoxil, ko Augmentin, duk gidansu ɗaya. An rubuta a katinta na asibiti, akwai kuma takarda a jakarta.

Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe tana barci. Allah ya bar zumunci.